Ruwan famfo a akwatin kifin teku: maganin kulorin ya isa, ko dole sai injin RO?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwatin kifin ruwan gishiri nake haɗawa a nan Kano, mai cin lita 200. Gishiri ya iso, duwatsu da yashi ma sun iso, saura ruwa. A gidanmu tanki ɗaya ne a sama. Idan ruwan gwamnati ya zo shi ke shiga, idan bai zo ba mu kunna samo a jawo na burtsatse. Shin in na tari na famfon nan, na ɗiga masa maganin kashe kulorin, na zuba gishiri, ya wadatar? Ko dole sai na sayi injin tace ruwa na RO da ake ta faɗa? Kifi uku ko huɗu nake so tukuna, murjani mai rai na teku sai gaba in Allah ya hore.

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ka tara a baho ka bar shi a buɗe kwana biyu, kulorin zai fice da kansa. Haka muke yi wa tarwada, ko ɗaya ba ta taɓa mutuwa ba.

Hajiya Mai Murjani: Auta, tarwada fa ka ce. Tarwadar da ke kwana a taɓo ta tashi lafiya ƙalau? Kifin teku ba haka yake ba, balle murjani da jatan lande. Baban Amira, kada ka wahalar da kanka, ka sayi RO mai DI, wato matatar ƙarshe da ke kama abin da ya tsallake RO, ka huta. Duk wanda ya fara da ruwan famfo ƙarshenta nan yake dawowa, bayan ya yi asarar kifi.

Kawu Na Fagge: Hajiya, a yi mana sassauci. "Duk wanda" ɗin nan ya yi faɗi. Kafin RO ya shigo hannun masu kiwon gida da me ake kiwon kifin teku? Da ruwan famfo ne da maganin kulorin, kuma kifayen sun rayu. Ni akwatina kifi ne zalla da duwatsu, maganin kulorin na Seachem Prime nake sakawa, mililita 5 ga lita 200 kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, kuma lafiya muke. Mutum ya ce kifi kawai yake so yanzu. Kar mu tsorata shi da kayan da sai ya sayar da akuya.

Hajiya Mai Murjani: Kawu, ranka ya daɗe, turo mana hoton gilashinka na baya mu gani.

Kawu Na Fagge: Gansakuka ai ba cuta ba ce, gogewa ake yi.

Injiniya: Salam. Kafin a kai ga saye ko rashin saye, akwai abin da Baban Amira ya faɗa da ba wanda ya tsaya a kai. Ruwa iri biyu ne ke shiga tanki ɗaya, kuma matsalarsu ba ɗaya ba ce.

Na gwamnati daga kogi yake. A matatu irin na Tamburawa da Challawa, ana zuba alif ya kwantar da laka, a tace ta cikin yashi, sannan a sa kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu saura aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfo, don ƙwayoyin cuta kada su farfaɗo a hanya. Wannan ɗan kaɗan ɗin ga mutum alheri ne, amma yana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a duwatsun akwati suna cinye amoniya. To wannan shi ne mafi sauƙin magancewa. Dabarar Auta tana aiki a kansa, musamman in an sa injin iska yana motsa ruwan. Maganin Kawu ma yana kashe shi nan take. Gawayin tace ruwa ma haka.

Na burtsatse kuwa galibi ba shi da kulorin ko kaɗan. Sai ka ɗiga masa magani ka ji ka yi wani abu, alhali ba ka taɓa komai ba. Abin da ke cikinsa shi ne naitiret, sinadarin da ke fitowa daga ruɓewar kashi da datti, musamman in rijiyar tana kusa da sokawe ko masai, kamar yadda yake a yawancin unguwanninmu masu cunkoso. Sai silika daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, wani wurin da ƙarfe, wanda ke sa tanki ya yi jan tsatsa. Ko wata guda ka shanya ruwan a baho, waɗannan suna nan daram.

Baban Amira: Injiniya na gode. Amma kuloramin fa? Duk bidiyon da na kalla maganarsa suke yi, wai ya fi kulorin haɗari.

Injiniya: Domin yawancin masu bidiyon a Amurka suke. Can hukumar kula da muhallinsu ta ce fiye da mutum ɗaya cikin biyar yana shan ruwan da aka sa wa kuloramin. Kulorin ne aka haɗa da amoniya don ya daɗe a cikin bututu bai gudu ba. Shi ya sa shanya ruwa ba ta fitar da shi, kuma in ka sa maganin kulorin na gama-gari, wato mai sodiyam tayosalfet kaɗai, zai raba su ne ya kashe kulorin ya bar maka amoniya a ruwa. Idan kana son sanin ko akwai shi a naka, sayi takardar gwajin da ke nuna kulorin iri biyu, sakakke da jimilla. In jimillar ta fi sakakken, bambancin shi ne wanda ke haɗe da amoniya. Gwajin minti ɗaya ne, ya fi ka ɗauko damuwar mutanen wata ƙasa ka ɗora wa kanka.

Maman Iman: Ƙarin bayani a kan na burtsatse, kada a saki jiki cewa babu kulorin har abada. Mu a nan Abuja gidan haya ne mai tanki ɗaya, da damina in aka fara maganar kwalara sai mai kula da gida ya zuba kulorin a tanki ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wasu ma WaterGuard suke zubawa, shi ma ruwan kulorin ne. Sai dai ka buɗe famfo ka ji wari. Ba laifi ya yi ba, lafiyar mutane yake karewa, amma mai kifi ya sani.

Kawu Na Fagge: To kun gani, maganata ce ta fito. A riƙa sa Prime kullum, an rufe wannan ƙofar. Naitiret kuwa kifi yana jure miligiram 20 a lita, yana jure 40. Ruwan da mutum zai sha ya kwana lafiya ne zai gagari kifi?

Injiniya: Kawu, a nan ne zan saɓa maka. Iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 ce a lita, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu ƙaddara burtsatsen Baban Amira yana da 30, wato ya ci jarrabawar ruwan sha. Ranar farko da ya cika akwatin, kafin kifi ya ci ko ya yi kashi, akwatin yana kan 30. Kashin kifi da ragowar abinci su ɗora a kai. Ya zo canjin ruwa don ya rage, ruwan da zai zuba shi ma 30 ne. Ko duka ya kwashe ya sake ba zai sauka ƙasa da 30 ba.

Wannan ma ba shi ne babba ba. Babban shi ne ciko. Ruwan akwati yana tashi ya bi iska kullum, amma ruwa tsantsa ne ke tashi, duk abin da ke narke a ciki yana zama. Kamar tukunyar miya ce a kan wuta, tana ƙonewa gishiri yana ƙara fitowa. Shi ya sa ba a ciko da ruwan gishiri, sai da ruwan daɗi. To mu ce lita 3 ke tashi a rana daga lita 200, kuma da hunturun Kano ga fanka a kan ruwa, ba abin mamaki ba ne ya fi haka. Lita 3 sau 30, miligiram 90 ke nan kullum. A wata, 2,700. Raba da 200, ka ƙara wa akwatin 13.5 a kowace lita daga ciko kaɗai. Haka fosfet, haka silika, haka jan ƙarfe in akwai. A cikin wata biyu da 'yan kwanaki ka zuba dattin cikakken akwati na biyu a kan na farko.

Hajiya Mai Murjani: Allah ya saka da alheri Injiniya. Gansakukar da Kawu ke gogewa, mai launin ƙasa-ƙasa da ke rufe yashi da gilashi, silika take ci. A sabon akwati kowa yana ganinta, ta yi makonni ta wuce in silikar yashi ta ƙare. Amma in wata shida tana dawowa, ruwa ba ya tsami banza, kai ne ke ciyar da ita da jarka. Koren mai gashi kuma fosfet da naitiret ne abincinsa. Masu murjani muna riƙe fosfet tsakanin miligiram 0.03 da 0.1 a lita, naitiret kuma ƙasa da 10.

Kawu Na Fagge: Masu murjani. Shi kuma kifi ya ce.

Hajiya Mai Murjani: Ya ce murjani sai gaba. Kuma duwatsun da zai sa yau su zai yi amfani da su goben. Dutsen teku yana shan fosfet da jan ƙarfe ya ajiye, ranar da ka koma ruwa mai tsabta ya fara amayo maka su a hankali. Jan ƙarfen nan shi ne abin tsoro. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 2 ce a lita. Maganin jan ƙarfe da ake yi wa kifi mai farin ƙuraje kuwa wajen 0.15 zuwa 0.2 ake sawa, kuma a wannan ma'aunin jatan lande da dodon koɗi da murjani duk mutuwa suke, shi ya sa ake yin maganin a wani akwati daban. Ka ga ruwan da ya halatta ka sha yana iya ɗauke da ninki goma na abin da ke kashe su.

Auta: Amma Anti bututunmu ai na roba ne, ina jan ƙarfe zai fito?

Injiniya: Gaskiyarka Auta, a gidajenmu PVC ya fi yawa, haɗarin bai kai na tsofaffin gidajen Turai ba. Amma duba kan famfo na tagulla, da bawul, da cikin hita. Kada a taɓa ɗibar ruwan zafi na banɗaki don akwati. Na sanyin ma a bar shi ya zuba na ɗan lokaci, wanda ya kwana a bututu ya wuce.

Ɗan Agege: Ni fa ina Legas, teku na kusa. Me zai hana in je da jarkoki in ɗebo kyauta, in huta da RO da gishirin duka?

Na Jidda: Ana yi, amma ba daga bakin gaɓa ba. Gaɓar Legas ruwan lagun yana shigowa da dattin gari, ga man jiragen ruwa, da damina kuma gishirin yana raguwa. Masu yi da gaske da kwalekwale suke shiga ciki sosai, su tace, su auna. Mu nan Bahar Maliya gishirinta wajen 40 ne cikin dubu, alhali 35 ake so, sai an sirka. Da me za a sirka? Ka ga an dawo kan ruwan daɗi mai tsabta. Kuma ko ka samu na teku mai kyau, ciko fa? Ruwan famfonmu a nan daga tekun ake tace shi, a Shu'aiba da sauran matatu, amma ana mayar masa da ma'adinai da kulorin kafin ya iso gida, don haka masu murjani a nan ma suna da RO ɗinsu.

Baban Amira: To piya wata fa? Akwai masu rubuta RO a jikin leda. In na sayi jaka goma goma ba zai fi sauƙi ba?

Maman Iman: Wasu da RO suke yi da gaske, wasu tacewa ce kawai da hasken kashe ƙwayoyin cuta. Lambar NAFDAC shaida ce ta ruwan sha, ba ta ce babu ma'adinai a ciki ba, ba aikinta ba ke nan. Ka sayi ɗan abin auna TDS, wato yawan abin da ke narke a ruwa, kamar biro yake, ba tsada. Ka fasa leda ka tsoma. In ka ga ƙasa da 10, da RO aka yi. In ka ga ɗari da wani abu, burtsatse ne a leda. Abin da ya fi, ka je masana'antar da kanka da jarkokinka ka roƙa su ɗibar maka kai tsaye daga bayan RO. Fasa leda 400 don cika lita 200 ba aikin mai iyali ba ne.

Injiniya: Shawara mai kyau, sai dai a san iyakar biron nan. Wutar da ke ratsa ruwa yake aunawa, ya ƙiyasta yawan abin da ke narke. Ba ya gaya maka mene ne. TDS 150 na iya zama kalsiyam zalla marar illa, na iya zama da naitiret a ciki. Silika kuma da kyar yake ganinta. Don haka a haɗa da gwajin naitiret da na fosfet. Kuma kada a tsoma shi a ruwan da aka riga aka sa wa gishiri, lambar ba ta da ma'ana.

Auta: Ruwan AC fa? Ko na sama? Ko a tafasa?

Hajiya Mai Murjani: Na AC ta kan bututun jan ƙarfe da alminiyam yake gangarowa, ga ƙura. Na sama ya wanko kwanon rufi da kashin tsuntsaye. Tafasawa tana korar kulorin, amma naitiret ƙaruwa ma yake don ruwan ya ragu. Duk a'a.

Basakkwace: Ni tambayata daban ce. Ruwan rijiyarmu in na zuba gishirin sai ya yi fari kamar an dama alli, har ya kwanta a gindin durom. Gishirin ne jabu?

Injiniya: Da wuya. Yankinku akwai farar ƙasa a ƙarƙashi, ita ce ma ake haƙa a Kalambaina ana siminti. In ruwanku yana barin farin ɓawo a cikin buta, to yana ɗauke da kalsiyam da kabonet da yawa. Shi kuma gishirin akwati an auna shi ne a kan ruwan da babu komai a ciki, ya ba da kalsiyam wajen miligiram 420 a lita da magniziyam wajen 1,300. Ka ɗora wannan a kan na rijiya, ya yi yawa, sai ya dunƙule ya kwanta. Wani abin da ke jawo haka shi ne zuba ruwa a kan gishiri. Ruwa ake fara cikawa, a kunna injin motsawa, a riƙa barbaɗa gishiri a hankali.

Auta: In gishirin ya ƙare ba za a iya cikawa da na girki ba?

Na Jidda: Kai Auta! Sodiyam da kuloraid wajen kashi 85 cikin ɗari ne na gishirin teku. Sauran 15 ɗin, magniziyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam, su ne babu a na girki, kuma halittun teku ba su rayuwa sai da su.

Kawu Na Fagge: Na ji lissafin Injiniya, ban musa ba. Amma ku faɗa wa bawan Allah gaskiyar RO ɗin ma, kada ya saya ya zo yana kuka. A kowace lita ɗaya mai kyau, uku zuwa huɗu yake zubarwa. Lita 200 na nufin ka tura wajen dubu. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya lissafa kura nawa ke nan. Sannan tankin sama ba ya tura shi.

Injiniya: Wannan gaskiya ne Kawu, kuma shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa. Tantanin da ke tace ruwa a cikin RO na gida, irin mai galan 75 a rana, wato wajen lita 280, an gwada shi ne a matsin 50 zuwa 60 na ma'aunin psi. Tankin sama kuwa kowace mita 10 ta tsawo psi 14 da ɗoriya take bayarwa. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 6 bai kai 9 ba. Ka haɗa injin ka ga yana ɗiga kamar hawaye, ruwan da ke fita ma bai tacu sosai ba, ka ce an sayar maka da jabu. Dole sai da busta, mai ƙara wa ruwa matsi. Ƙaramin inji ne, ba ya cin wuta, inbata ko sola na ɗaukarsa.

Jerin kuwa haka yake: matatar laka mai maikiron 5 ko 1, sai gawayi, sai tantanin, sai DI. Gawayin ba ado ba ne, kulorin yana cinye tantanin, shi ya sa maganar Maman Iman ke da muhimmanci ko ga mai burtsatse. Tantani mai lafiya yana cire kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na abin da ke narke. In TDS 200 ya shiga, 4 zuwa 10 ya kamata ya fito. DI ɗin, wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar gero, su ke kama ragowar su mayar da shi sifili. Ruwan da ake zubarwa kuma ba najasa ba ne, a tara a yi wanki da shara da banɗaki.

Abu biyu na ƙasarmu. Baƙin tanki a rana a watan Afrilu ruwansa yana zafi sosai, tantanin kuma iyakarsa digiri 45, don haka a yi tacewar da asuba ko da dare. Na biyu, ruwan burtsatse sau da yawa yana da iskar kabon dayoksaid, tana ratsa tantanin ta je ta cinye DI cikin ɗan lokaci. In ka ga DI yana ƙarewa da wuri alhali RO yana ba da lamba mai kyau, ka tara ruwan RO a durom, ka sa masa iska ya kwana, sannan ka tura shi ta DI.

Kawu Na Fagge: To ni matsayata, mai kifi zalla ya auna ruwansa. In naitiret da fosfet sun yi ƙasa, ya haɗa gishiri da na famfo mai magani, ciko kuma ya yi da na RO da ya sayo. Ciko ai shi ne mai tarawa, in ji Injiniya.

Hajiya Mai Murjani: In ruwa iri ɗaya ne kullum, zan iya yarda da kai rabi. Amma tankin da yau kogi gobe rijiya, wanne za ka auna? Sai dai kowane ɗiba ka auna, kuɗin kayan gwaji ya kama hanyar kuɗin inji.

Baban Amira: Na fahimta. Zan fara da biron TDS da gwajin naitiret, in auna na burtsatse daban kafin ya hau tanki. Durom ɗin tara ruwan fa, akwai shuɗi da na gani a kasuwa na hannu, zai yi?

Maman Iman: Ka tambayi me aka zubo a ciki. In na kayan abinci ne ko lemo, ka wanke da ruwa zalla ba sabulu. In na sinadari ne ko mai ko maganin feshi, ko kyauta aka ba ka ka bar shi, roba tana riƙe su. In mai sayarwa ya ce bai sani ba, ka sayi sabo. Ka sa masa murfi saboda ƙura, kuma kada a haɗa masa kan famfo na tagulla, ruwan RO yana saurin cin ƙarfe. Na roba za ka sa.

Na Jidda: Kuma in ka haɗa gishirin ka bar injin yana juya shi ya kwana, ka auna ya zauna a 1.025 ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, zafi wajen digiri 25 zuwa 26, kafin ya shiga akwati. Abin aunawa mai leƙawa ta ido ya fi mai allura, amma ka saita shi da ruwan gwaji mai gishiri 35 cikin dubu da ake sayarwa.